Ranar da Ruwa ya Ci Gungu: Wa Ya Tambaye Mu?



Kwanakin baya ina kallon labaran Falasɗinu, sai na ga wata dattijuwa tsaye a shingen soja da takardar izini a hannu. Wallahi kakata ce ta faɗo mini a rai, Allah ya ji ƙanta. Bagunga ce, a tsibiri aka haife ta, can tsakiyar Kwara.

An fara gina dam ɗin Kainji a 1964, zamanin Tafawa Ɓalewa. Kafin a gama, sojoji sun kifar da gwamnati a Janairun 1966, sun soke jam'iyyu, babu majalisa babu zaɓe. Da aka toshe ruwa a 1968, sama da mutum 40,000 ne aka tayar daga ƙasar Yauri da Bargu. Tsohuwar Busa ta nutse. Gungawa, masu noman albasa da kamun kifi, aka kwaso su zuwa tudu, aka ba su gidajen siminti da ba su suka zana ba. Kakata takan ce, "Ɗan nan, sanarwa aka yi mana, ba shawara ba."

To, ina za ta kai kuka? Ko kafin soja ba ta da ƙuri'a, domin a zaɓen 1959 da na 1964 matan Arewa ba su yi zaɓe ba. Sai a 1976, wajen zaɓen ƙananan hukumomi, aka buɗe musu ƙofa. Lokacin kuwa gonarta da kabarin mahaifinta sun shekara takwas a ƙarƙashin ruwa.

Yanzu mu dubi can. A Yunin 1967, shekara guda kafin ruwanmu ya taso, Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yamma da Kogin Jodan. Har gobe Bafalasɗinen da ke Nablus ko Hebron sai da izinin soja zai shiga Ƙudus, kuma ba ya zaɓen majalisar Isra'ila da ke iko da sojan. Tasu majalisar ma, tun 2006 ba a sake zaɓenta ba. Wanda aka sa a 2021, Mahmud Abbas ya ɗage shi.

Kada a ce na ce abin ɗaya ne, a'a. Mu sojojin ƙasarmu ne, an gina mana matsuguni, ba a kafa mana shinge tsakanin Yelwa da Ngaski ba, kuma a 1979 suka koma bariki. Nasu ya haura shekara hamsin. Amma darasin guda ne: wanda ba shi da ƙuri'a, wani ne ke yanke masa inda zai kwana.

Shi ya sa kakata, duk da ciwon gwiwa, ba ta taɓa fashin layin zaɓe ba. Kai da katinka ke kwance cikin akwati fa?

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.