Zagayen Duwatsun Kano: Daga Dala zuwa Goron Dutse

Ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa 'yan duwatsun da ke cikinta suka zama wuraren da tarihi ya taru. Duk wanda ya zagaya su, ya tashi daga Dala ya bi ta Santolo da Fanisau ya ƙare a Goron Dutse, zai ga yadda iko ya sauko daga kan dutse ya zauna a fili.

Dala ce mafari. Masu tonon kayan tarihi sun samu burbushin narkar da tama a gindinta tun daga wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, wato ƙarfe ne ya fara tara mutane a wurin. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce a nan Barbushe ya zauna, shi kaɗai ke shiga wurin tsafin Tsumburbura, ya fito ya faɗa wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi. Zuriyar Sarki Bagauda, da aka ce ya zo a 999, sun daɗe suna ja-in-ja da masu wannan bauta. Jikansa Gijimasu ya fara gina ganuwa, Sarki Tsamiya kuma ya rushe wurin tsafin a ƙarni na 14. Daga ƙolin Dala ana hango Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, waɗanda Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa a ƙasa. A kan Dala ne Barth, matafiyin Jamus, ya tsaya ya zana birnin a 1851.

Daga nan sai kudu maso gabas, zuwa Santolo a yankin Dawakin Kudu. Yau gonaki da ƙauyuka ne kewaye da dutsen, amma a da gari ne da ya gagari sarakunan Kano. Sai a zamanin Yaji (1349 zuwa 1385), wanda Wangarawa suka zo wa da Musulunci daga Mali, aka ci shi da yaƙi. Faɗuwar Santolo ce ta bar Kano ba kishiya a maƙwabtanta.

Idan aka juyo arewa aka wuce Magwan, sai Fanisau a ƙaramar hukumar Ungogo, gari a tsakanin manyan duwatsu. Sarki Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846) ya mai da shi sansani lokacin da yake fama da Ɗan Tunku na Kazaure, kuma a can Clapperton, Baturen Birtaniya, ya je gaishe shi a 1824. A wannan zamani dutse ya tashi daga wurin bauta ya koma wurin tsaro da hangen abokan gaba.

Zangon ƙarshe shi ne Goron Dutse, wanda mutanen Gwarzo da Kabo ke fara gani in sun biyo ta Rimin Gado sun doshi Kabuga. Ta Ƙofar Kabuga sojojin Turawa na Kanar Morland suka kutsa birni ranar 3 ga Fabrairu, 1903, bayan sun yi wa ganuwa ruwan igwa. Tsayin dutse bai tsare komai ba a ranar. Daga baya aka ɗora masa tankunan ruwan famfo, tudun ya koma aikin tura ruwa zuwa unguwanni.

Daga Goron Dutse zuwa Dala tafiyar ƙafa ce, da'irar ta rufe ke nan. Abin da mai zagayen zai tarar a yau shi ne gidaje sun matse gindin duwatsun, zaizaya na cin jikin Dala kowace damina, ganuwa kuma ta zube a wurare da dama. Hukumomin adana kayan tarihi da masarauta na da aikin shata iyakar waɗannan wurare tun kafin masu yanka filaye su gama da su.