Shugaban Ƙasar da Ya Matsar da Ranar Biki Saboda 'Yan Kasuwa

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirinmu na wannan makon saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da masu cewa su karatu ya fi musu.

Bari in fara da tambaya. Ka taɓa lura da yadda wayarka ke cika da talla idan watan Nuwamba ya kama? Imel ya shigo, wai an zabtare rabin kuɗi. Ka buɗe Instagram, mai atamfa na cewa saura kwana uku garaɓasa ta ƙare. Ka leƙa WhatsApp, can ma haka. Yawancinmu gani muke abin zuwa yake da kansa kamar hunturu, alhali mutane ne suka zauna suka tsara wannan kalandar, kuma an san sunayensu da shekarun da suka yi hakan. A cikinsu har da shugaban ƙasar da ya ɗauki ranar biki sukutum ya dawo da ita baya da mako guda don 'yan kasuwa su samu ciniki. Za mu zo kansa, amma mu fara daga tushe.

A Amurka ta shekarun 1870, manomin ƙauye kanti ɗaya gare shi a kusa, kuma farashin da mai kanti ya yanka shi ke nan. Sai wani mutum a Shikago, Aaron Montgomery Ward, ya ce me zai hana in aika wa manomi jerin kayana ta gidan waya, ya zaɓa, in aika masa ta jirgin ƙasa? A 1872 ya buga takarda guda ɗaya tal, mai ɗauke da kaya 163 da farashinsu. Ya nemi 'yan wata ƙungiyar manoma da ake kira Grange, su ne kwastomominsa na farko. Daga baya ya ƙara da alƙawarin cewa idan kaya bai yi maka ba ka dawo da shi ka karɓi kuɗinka. Takardar nan guda ita ta kumbura ta zama littafi mai ɗaruruwan shafuka. Kamfanin Sears ya biyo sahu ya ma wuce shi, musamman bayan 1896 da gwamnati ta fara kai wasiƙa har ƙofar gidajen ƙauye.

To ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa. Ward bai fara da kanti a bakin titi ba. Jarinsa shi ne jerin sunaye da adireshin mutanen da suka taɓa saye a wurinsa.

A 1933 Sears ta fitar da littafin kayan Kirsimeti na musamman a karon farko. Littafi irin wannan kuwa sai an zaɓi kaya, an ɗau hoto, an buga, an tura, ya isa gida da sauran lokacin da mutum zai yi oda kaya su iso kafin biki. Ma'ana tun ana tsakiyar zafi wasu ke zaune a ofis suna lissafin Disamba. Lissafin daga ranar bikin ake fara shi a dawo baya. Duk wanda ya taɓa kai wa tela ɗinki a goman ƙarshe na Azumi ya ji an ce "mun rufe karɓa", ya san wannan lissafin ba sai an yi masa bayani ba.

Yanzu ga shugaban ƙasar namu. Amurkawa suna da bikin godiya da suke kira Thanksgiving, ranar da iyali ke taruwa a ci talotalo. Tun 1863 da Abraham Lincoln ya ayyana shi, al'adar ita ce a yi shi ranar Alhamis ta ƙarshe a Nuwamba. A wancan zamanin kuma abin kunya ne kanti ya fara tallan Kirsimeti kafin a yi wannan bikin. Wato Thanksgiving ce ke buɗe kakar ciniki.

Sai ga 1939, Nuwamba ta zo da Alhamis biyar, ta ƙarshen ta faɗa 30 ga wata. Ka lissafa: kwana 24 kacal ya rage na ciniki kafin Kirsimeti. Ga shi ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929 ba. Manyan masu kantuna suka kai kuka wurin Shugaba Franklin Roosevelt. Shi kuma a watan Agusta ya sanar cewa bana bikin ya dawo 23 ga Nuwamba.

Ai fa sai ƙasa ta ɗauka. Masu buga kalanda sun riga sun buga, duk ta tashi aiki. Makarantu sun tsara hutunsu. Masu horar da 'yan ƙwallon jami'o'i sun sa manyan wasanninsu a ranar 30, an sayar da tikiti. 'Yan adawa suka ce mutumin nan yanzu har kalanda yake son ya mulka, aka laƙaba wa sabuwar ranar suna Franksgiving, wato bikin Franklin. Gwamnoni suka rabu, kusan rabin jihohi suka bi shugaban ƙasa, sauran suka tsaya a tsohuwar rana, jihar Texas da wasu ƙalilan suka ce su duka biyun za su yi. Ka ga ɗa yana aiki a wata jiha, iyayensa suna wata, hutunsa bai zo daidai da nasu ba. Mu da muka san yadda ake ji idan gari ɗaya ya yi Sallah biyu, wannan rikicin ba baƙonmu ba ne, sai dai su ba wata suka yi saɓani a kai ba, ciniki ne.

Shekara uku ana wannan jan-in-ja, kuma gwamnatin da kanta ta amsa cewa canjin bai ƙara wani cinikin kirki ba. A Disamba 1941 majalisa ta yi doka: Alhamis ta huɗu a Nuwamba. Ni a ganina 'yan kasuwa ne dai suka ci riba, don da wannan dokar bikin ba zai sake wuce 28 ga wata ba har abada.

A dai wannan shekarar ta 1939, kamfanin Montgomery Ward ya gaji da sayen littattafan zane da yake raba wa yara kyauta lokacin Kirsimeti, sai ya sa wani ma'aikacinsa mai rubuta talla, Robert May, ya ƙirƙiro nasu. Ya rubuta labarin wata barewa mai jan hanci, Rudolph. Kwafi miliyan 2.4 aka raba a shekarar. Yau yara da yawa a duniya suna ɗauka tsohuwar tatsuniya ce ta kaka da kakanni.

Sunan Black Friday kuwa, wato Baƙar Juma'a, 'yan sandan birnin Filadelfiya ne suka yaɗa shi a farkon shekarun 1960, kuma zagi ne. Washegarin Thanksgiving gari yakan cushe da masu sayayya da motoci, ɗan sanda ba hutu, sai ƙarin awanni a titi. Masu kantuna ba su so sunan ba, har suka yi ƙoƙarin mayar da shi Babbar Juma'a, bai karɓu ba. Sai a shekarun 1980 aka samo masa fassara mai daɗi, wai ranar ce littafin ɗan kasuwa ke fita daga jan biro na asara ya koma baƙin biro na riba. Labarin ya yi daɗin ji, amma daga baya aka ɗinka shi. Cunkoson kuma ba wasa ba ne: a 2008 masu rububin shiga wani kantin Walmart a jihar New York sun tattake wani ma'aikaci har ya mutu.

To ina imel ya shigo? Ray Tomlinson ne ya aika saƙo na farko daga kwamfuta zuwa wata a 1971, shi ya zaɓo alamar @ ɗin nan. A lokacin hanyar ta ma'aikatar tsaron Amurka ce, sunanta ARPANET, daga masu bincike sai jami'o'i. Ranar 3 ga Mayu 1978 wani jami'in talla na kamfanin kwamfuta DEC, Gary Thuerk, ya tura gayyatar zuwa kallon sabuwar kwamfutarsu ga mutum kusan 400 a lokaci guda. Mutane suka fusata, hukumar da ke kula da hanyar ta ja wa kamfanin kunne. Shi dai Thuerk ya ce saƙon ya jawo cinikin dala miliyan 13. Fushin da kuɗin duka gaskiya ne a wannan sana'ar, kuma tare suke tafiya har yau.

Da imel kyauta ya zo wa kowa, irin Hotmail a 1996, sai abin ya zama ambaliya. Littafin Ward kuɗin takarda da kan sarki yake ci, dole ka zaɓi wanda za ka aika wa. Imel kuwa aika wa mutum miliyan kusan daidai yake da aika wa mutum goma, don haka kowa ya buɗe famfo. A 1999 wani marubuci, Seth Godin, ya fitar da littafin da ya yi tasiri sosai, hujjarsa ita ce ka nemi izinin mutum tukuna kafin ka tura masa talla. A ƙarshen 2003 Amurka ta yi dokar da ta tilasta a sa hanyar cire suna a kowane saƙon talla. Wannan ɗan ƙaramin rubutun da kake gani a can ƙasan imel, wanda sai ka matse ido, doka ce ta ajiye shi a wurin.

Daga nan aikin ya koma na tsari. Kamfani mai hankali yakan fara tara sunaye tun watanni kafin biki, ya ce ba mu imel ɗinka mu rage maka wani abu. Ya raba jerin: waɗanda suka saya bara, waɗanda suka leƙa ba su saya ba, waɗanda suka yi shiru. Tsofaffin kwastomomi a buɗe musu garaɓasa kafin kowa. Sannan saƙon share fage, saƙon ranar, da na "yau ce ta ƙarshe". Na ƙarshen nan ba ƙarya zalla ba ne, akwai ranar da idan ta wuce kaya ba za su iso kafin biki ba, lissafin Sears ne dai na 1933. Inda ƙaryar take shi ne a ɗaga farashi a Oktoba sannan a "rage" a Nuwamba. Ka riƙa ɗaukar hoton farashi tun da wuri, za ka sha mamaki.

Da aka gane ana iya tsara kaka, sai aka fara ƙirƙirar ranaku daga babu. A Nuwamba 2005 wani reshe na ƙungiyar dillalan Amurka, Shop.org, ya fitar da sanarwa ya raɗa wa Litinin ɗin bayan Thanksgiving suna Cyber Monday. Dalilinsu shi ne intanet na ofis ya fi na gida sauri, mutane na komawa aiki su yi sayayya a kwamfutar oga. A shekarar ba ita ce ranar da aka fi ciniki a intanet ba, ko kusa. Amma jaridu suka ɗauka, kamfanoni suka cika akwatunan imel da sunan, cikin 'yan shekaru maganar ta zama gaskiya.

A China ma haka. Ɗaliban jami'a a Nanjing sun mayar da 11 ga watan 11 ranar gwauraye, don lambobin duk ɗaya-ɗaya ne. A 2009 Alibaba ta ɗauki ranar ta yi garaɓasa da 'yan kasuwa 27, aka yi cinikin yuan miliyan 52. A 2021, da aka miƙe bikin zuwa kwana goma sha ɗaya, kamfanin ya sanar da cinikin sama da yuan biliyan 540.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Larabawa. A 2014 kamfanin Souq.com na Dubai ya so shigo da wannan garaɓasa, amma ya san ba ka cewa Musulmi Juma'a baƙa ce. Sai ya kira ta Farar Juma'a, sunan ya zauna, har Amazon da ta sayi kamfanin a 2017 ta ci gaba da amfani da shi a can. A Najeriya Jumia ta shigo da Black Friday da sunanta, Konga ta kira tata Yakata. Shi ya sa za ka ga mai turaren wuta a Kano tana rangwamen Black Friday, bikin da ya samo asali daga talotalon Amurkawa da gajiyar 'yan sandan Filadelfiya. Ba laifi, ciniki ne. Amma ita kakarta ta gaskiya Azumi ce da Sallah da lokacin bukukuwan aure, kuma Sallah tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, ba majalisar da za ta kafe mata rana. Wanda ya kwafi jadawalin bara ya riga ya makara.

Sai kafafen sada zumunta. Da farko kamar kyauta ce daga sama, ka buɗe shafi, mabiyanka su ga duk abin da ka sa. Sannu a hankali Facebook ta rage yawan masu ganin rubutun shafukan kasuwanci, a Janairu 2018 Mark Zuckerberg ya fito ya ce za a fifita na 'yan uwa da abokai. Kana son a gan ka, ka biya, kuma a kakar biki kuɗin talla tashi yake don gwanjo ake yi. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Mu nan ma mun gani, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 an rufe Twitter a Najeriya, wata bakwai, masu sayar da kaya a can suka rasa hanyar kwastomominsu dare ɗaya. Wanda ke da lambobi da imel na masu sayensa a ajiye, da yardarsu, shi ya ci gaba da ciniki. Jerin Ward ke nan na 1872.

Na san wani zai tambaya, to ina su Ward da Sears ɗin yanzu? Ward ta daina buga littafinta a 1985, ta rufe kantunanta a 2001. Sears kuma a 1993 ta yanke shawarar cewa sayar da kaya daga nesa ya daina riba, ta kashe babban littafinta mai kusan shekara ɗari. A Yuli 1995 Amazon ta fara sayar da littattafai a intanet. A Oktoba 2018 Sears ta je kotu ta ayyana karyewa.

Mu haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.