Daga teburin buga waya zuwa data mara iyaka a Tamale

A 1992 kamfanin Mobitel ya kawo wayar salula Ghana, a 1995 kuma kamfanin NCS na Dokta Nii Quaynor ya haɗa ƙasar da intanet. Dukansu a kudu suka fara sauka. Mutumin unguwar Gumbihini a Tamale da ke son jin muryar ɗansa a Kumasi sai dai ya nufi shagon buga waya, ya bi layi, ya biya kuɗin kowane minti. A farkon shekarun 2000 aka shiga yayin masu tebur da lema a bakin titi, suna ba da hayar wayar kamfanin Spacefon ga mai buƙatar kira.

Spacefon ya koma Areeba, daga baya ya zama MTN a 2007. Vodafone ya sayi kashi 70 cikin ɗari na Ghana Telecom a 2008. Gasa ta karya farashin layi, waya ta shiga aljihun talaka. Masu lambu a gefen dam na Gumbihini suka fara jin farashin latas da kabeji a kasuwar Aboabo tun kafin su tsinka. A 2015 aka kammala shimfiɗa zaren intanet daga Ho zuwa Bawku, da reshen da ya haɗa Yendi da Tamale, sannan MTN ya buɗe 4G a 2016.

Amma alherin bai yi nisa da kwalta ba. Wanda ya nausa ƙauyukan Karaga ko Gushegu ya san yadda ake neman tudu ana ɗaga waya sama. Kafa turken sadarwa a ƙauye yana da tsada, ribarsa kaɗan ce, shi ya sa asusun gwamnati na GIFEC ya ƙaddamar da aikin kafa turaku 2,016 a karkara a 2020, da yawansu masu aiki da hasken rana.

Da sabis ya iso, sai matsalar ta koma kan data. Karatu, ciniki, wa'azi da zumunci duk sun hau WhatsApp da Facebook, data kuwa ba ta kai ƙarshen wata. Nan tallan "mara iyaka" ya samu kasuwa. Sai dai irin wannan tsari galibi yana da sharaɗi a ƙasan talla: idan ka cinye wani adadi, ba za a yanke ka ba, za a rage maka gudu. Saƙo zai shiga, bidiyo zai tsaya yana juyi.

Kamfanoni suna da hujjarsu. Turke ɗaya kamar famfon unguwa yake, idan mutum guda ya jera jarkoki saura za su koma gida da ƙishi. Amma ɗan birni da aka rage wa gudu zai iya sauya layi ko ya leƙa ofis mai intanet. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya a ƙauyen da turke ɗaya ne kacal ba su da wata mafita, ga shi tun asali sabis ɗinsu mai rauni ne. Ba su ma iya bambance cunkoso da ragin da aka yi musu da gangan.

A Yulin 2025, bayan matsin lambar ministan sadarwa Sam George, kamfanoni sun ƙara yawan datar da ake samu a kan kuɗi ɗaya. Wannan ya nuna hukuma tana iya sa baki idan ta so. Ya kamata hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCA, ta tilasta a rubuta iyakar da kuma gudun da zai rage a cikin saƙon saye, a kuma bayyana su a tallan rediyo da Dagbanci da Hausa. Wanda ya sayar da buhun masara ya sayi data yana da haƙƙin sanin abin da ya saya kafin a cire kuɗinsa.