Fentin da ya fi haɗari ranar kankare shi

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta wayi gari babban birni alhali ba ta da gidajen da za su ɗauki ma'aikatan da aka rabo daga Kano. Gini ya tashi haiƙan, kuma Takur na cikin unguwannin da suka cika suka batse a shekarun da suka biyo baya. Bangon da aka saba gani da makuba da farar ƙasa ya koma na siminti, ƙofofi da tagogi da ƙarafunansu suka sha fentin mai, ja da ɗorawa da kore, suna ta sheƙi. Gidajen farko yanzu sun haura shekara 30. Da salla ko biki ya gabato sai a kira mai fenti ya kankare tsohon ya shafa sabo, yara na wasa a tsakar gida.

Masu haɗa fenti sun daɗe da ƙaunar dalma, don tana sa ya bushe da wuri, launi ya fito, ƙarfe ya jure tsatsa. Sharrinta ga yara kuwa a Ostireliya aka fara gano shi. Tun wajen 1892 likitocin birnin Birisben suke ganin yara da ciwon ciki da farfaɗiya da shanyewar ƙafa, har a 1904 likita Lockhart Gibson ya gano cewa fentin da ke jikin katakon baranda ne yake zama gari a hannun yara, su kuma su kai baki. Faransa da Beljiyam da Ostiriya suka hana shafa farar dalma cikin ɗakuna a 1909, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a kai a 1921. Amurka, duk da iliminta, sai 1978 ta hana, bayan miliyoyin gidaje sun riga sun sha.

A nan aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Da aka tashi raba gidajen da fentin, sai ma'aikata suka shiga da wuta suna ƙona shi, suna gogewa a bushe. Wani bincike da Farfel da Chisolm suka wallafa a 1990 kan gidajen birnin Baltimo ya nuna cewa wannan hanya ƙara ƙurar dalma take yi a gida, kuma yara da yawa dalmar jininsu ta hau bayan an gama aikin. Fentin da ke manne a bango ya zama gari a ƙasa, daidai inda yaro ke rarrafe. Daga nan aka haifi sana'ar mai sa ido. Dokar Amurka ta 1992 ta wajabta horo da takardar shaida ga mai binciken gida, da ma'aikaci, da shugaban aikin da ke tsaye a kansa. Shugaban ne zai fitar da yara da masu juna biyu, ya shimfiɗa leda, ya hana wuta, ya sa a jiƙa fenti kafin a kankare, ya tabbatar ma'aikaci bai tafi gida da tufafin aiki ba. In an gama, wani daban ne zai zo ya gwada ƙurar, domin ba a barin mutum ya ba kansa maki.

Arewa ba ta hanyar fenti ta koyi wannan darasi ba, ta hanyar zinare ta koya, kuma da tsada. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Dutsen zinaren da ake niƙawa cikin gidaje cike yake da dalma, kuma yara sama da 400 suka rasu. Likitocin suka ce magani banza ne idan yaro zai koma gidan da gubar take, dole sai an share gari tukuna. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da Cibiyar Blacksmith suka horar da ma'aikatan muhalli na jiha da na ƙananan hukumomi, mutanen gari suka riƙe fatanya da shebur. A Dareta da 'Yargalma da sauransu an kwashe saman ƙasar tsakar gida, aka binne ta a ramuka na musamman, aka zubo sabuwa, ana auna kowane gida da na'ura kafin aiki da bayansa. Bagega, wadda ta fi girma, ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗi, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun matsa lamba. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Kenan akwai Hausawan da suka iya tsayawa kan aikin kwashe dalma, sai dai a kan ƙasa suka yi aikin, ba a kan fenti ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da ta muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suna jan wani ƙawance na kawar da fentin dalma, ma'aunin da suke kira a bi shi ne kashi 90 cikin miliyan. Amma gwajin da ƙungiyar SRADev ta Legas ta fitar a 2017 ya samu yawancin fentin man da ta sayo a kasuwa ya zarce hakan nesa ba kusa ba. Ko da an gyara sabon gwangwani, doka ba ta cire abin da ya riga ya bushe a ƙofa.

Saboda haka maigidan Takur da zai sabunta fenti, shi ne mai sa idon gidansa. Fentin da bai ɓare ba a bar shi a shafa sabo a kai. Wanda ya ɓare a jiƙa shi kafin a kankare, a tattara ɓawon a leda, a goge ƙasa da tsumma mai ruwa maimakon tsintsiya, yara kuma su wuni gidan kaka har sai an gama.