Daga Jabana Zuwa Injin Kwanso: Tarihin Tukunyar Gahawa

Duk wanda ya shiga kanti da niyyar sayen abin dafa gahawa na gida, zai tarar da su jere iri-iri, wani na ƙarfe, wani na gilashi, wani kuma sai an jona shi da lantarki. Mai kanti zai yabi kowanne, don kuwa ba a san mai tuwo ya kushe miyarsa ba. To amma mu a ganinmu, mai saye ba zai san abin da yake biya wa kuɗi ba sai ya san damuwar da ta sa aka ƙera kowannensu. Damuwar kuwa kusan ɗaya ce tun farko, wato yadda za a raba ruwan gahawa da diddigar garinta.

Kalmar gahawa daga Larabci muka aro ta. Sufayen Yaman ne aka fara sani da shanta a ƙarni na 15, don ta taimaka musu wajen raya dare da zikiri. Daga can ta isa Makka, inda har aka taɓa hana shanta a 1511, ta wuce Alƙahira, ta shiga Istanbul wajen 1555. A duk wannan zamani dafa ta ake yi. A soya ƙwayar, a daka, a zuba a ruwa, a ɗora bisa garwashi. Turkawa suna da 'yar tukunyar tagulla mai dogon mariƙi, Larabawa suna da buta mai lanƙwasasshen baki, mutanen Habasha da Sudan kuwa suna da jabana, wadda akan gina da yumɓu, mai dogon wuya. 'Yan'uwanmu mazauna Sudan sun san ta sarai. Maganin diddiga a nan haƙuri ne: a bar ta ta kwanta, sannan a tsiyaya a finjali sannu a hankali.

Turawa ba su yi wannan haƙuri ba. A ƙarni na 19 sun yi ta ƙere-ƙere, ciki har da tukunyar da wani Ba'amurke, Hanson Goodrich, ya yi wa rajista a 1889, wadda tafasasshen ruwa ke hawa ta bututu ya zubo kan gari, ya koma ƙasa, ya sake hawa. Aibinta shi ne tana maimaita dafa abin da ya riga ya dahu, sai ɗaci ya yi yawa.

Wadda ta warware matsalar ba injiniya ba ce, matar aure ce a birnin Dresden na Jamus, mai suna Melitta Bentz. A 1908 ta huhhuda gindin wani kwanon tagulla, ta ciro takardar tsotse tawada daga littafin makarantar ɗanta ta shimfiɗa a ciki, ta zuba gari, ta kwarara ruwan zafi. Gahawa ta sauko garau. A shekarar ta yi rajistar dabarar, ta kafa kamfanin da har yau yake ɗauke da sunanta. Mu marubuta ya kamata wannan labari ya yi mana daɗi, tunda kayan aikinmu ne ya shiga madafa ya yi rana. Daga baya masana suka gano wata fa'idar da ita ba ta nema ba: takardar tana tare wani mai da ke cikin gahawa, wanda yawan shansa kan ƙara kitsen jini da ake kira kwalastarol. Gahawar da aka dafa ba a tace da takarda ba tana ɗauke da shi. Wanda likita ya ja wa kunne a kan wannan, sai ya lura.

Italiyawa suka bi wata hanya dabam, ta matsi. A 1929 Attilio Calimani ya yi rajistar tulun da ake jiƙa gari a ciki na 'yan mintoci, sannan a danna rariyar ƙarfe ta tura diddiga ƙasa. Abin dariya, duniya ta fi saninsa da sunan Faransa. A 1933 kuma Alfonso Bialetti ya fito da Moka, 'yar tukunyar alminiyom mai kusurwa 8, wadda ta ci sunan Mokha, tashar jiragen ruwan Yaman da gahawa ke fita ta cikinta a da. Ɗaki uku gare ta. Ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, idan wuta ta kama sai tururi ya tunkuɗa ruwan ya ratsa garin ya taru a sama. Matsinta bai kai na injin gidajen gahawa ba, wanda ke ninka nauyin iska kamar sau 9, amma ta kawo wa talaka gahawa mai kauri har cikin ɗakinsa. Ɗansa Renato ne ya yayata ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma da ya mutu a 2016, cikin wata babbar Moka aka zuba tokar gawarsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sauran labarin na lantarki ne. Wigomat ta fito a Jamus a 1954, Mr. Coffee a Amurka a 1972, dukkansu dabarar Melitta ce aka ɗora wa na'urar dumama ruwa. A 1986 kamfanin Nestlé, wanda tun 1938 ya ba duniya Nescafé ɗin da muke gani a teburin mai shayi, ya fito da Nespresso. Gari ne kamar giram 5 a liƙe cikin ɗan kwanso, a jefa a inji, a danna maɓalli, shi ke nan. Diddiga ta ɓace daga ido ɗungum, ta koma juji tare da kwansonta, har birnin Hamburg ya hana sayen irin waɗannan kwansuna da kuɗin gwamnati a 2016.

A nan ne muke so mai karatu ya tsaya. Jabana da Moka da tulun dannawa, da zarar ka saye su, ba ka da sauran ubangida sai wuta da ruwa, kuma kowace irin gahawa ka samu za su karɓa, ko ta Habasha ce ko ta tsaunin Mambila. Mai takarda yana bukatar takarda kullum. Mai lantarki yana bukatar wuta mai tsayawa, abin da ba sai mun yi wa kowa bayani ba. Mai kwanso kuwa yana bukatar duka wutar da kwanson, kuma ranar da kantin garinku ya daina kawo shi, injin ya zama kayan ado a kan kabad. Shi ya sa mu, da muka tashi saye, muka ɗauki Moka mai cin finjali 3, muka haɗa da robar bakinta guda 2, don ita ce ke fara lalacewa.