Daga Baitulmali Zuwa Asusun Haɗin Gwiwa: Gaban Wa Ake Kai Littafin Kuɗinmu?

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Mu 'yan asalin wannan gari da neman ilimi ko na abinci ya kai Kano da Kaduna da Abuja da Legas da Fatakwal, mun daɗe muna karo-karo domin gyaran rijiyoyin burtsatse da rufin azuzuwa da sayen magani, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai akwai tambayar da ta girmi ƙungiyarmu, ta girmi ƙaramar hukumarmu, har ma ta girmi Jihar Katsina kanta: kuɗin da ake tarawa ko ake rabowa da sunan jama'ar wannan yanki, wa ke riƙe da littafinsu, kuma gaban wa yake kai shi a duba? Wannan maƙala za ta bi sawun wannan littafi tun daga zamanin kakanninmu. Abin da za mu tarar shi ne, a kowane zamani akwai lissafi, akwai kuma mai binciken lissafi, amma kullum sama ake miƙa littafin, masu dukiyar kuwa ba a nuna masu shi.

Kafin zuwan Turawa

Maganar amanar dukiyar jama'a tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Tun a ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Muhammadu al-Maghili, wanda ya zauna a Kano da Katsina, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafin nasiha kan mulki, inda ya yi bayanin hanyoyin da ya halatta sarki ya tara dukiya da kuma wuraren da ya wajaba a kashe ta. Bayan kimanin shekara 300, daga cikin laifuffukan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa wa sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙi, akwai ɗora wa talakawa kuɗaɗen da shari'a ba ta san da su ba, cikinsu har da jangali.

Duk da wannan ƙa'ida, a ƙarni na 19 an ci gaba da karɓar kuɗin ƙasa da jangali da kuɗin sana'o'i irin su na karofi. Hakimai na zaune a birni, jakadunsu ne ke fita ƙauyuka su tattaro, kowane hannu da dukiyar ta ratsa kuma sai ya ɗebi rabonsa. Babu wata iyaka bayyananna tsakanin dukiyar sarki da ta ƙasa. Abin da ke tsare talaka a lokacin shi ne tsoron Allah na mai mulki, da nasihar malamai, da kuma damar da yake da ita ta yin ƙaura idan zalunci ya yi yawa.

Zamanin Baitulmali da En'e

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya kafa dokar kuɗin shiga ta 1906, wadda ta dunƙule yawancin kuɗaɗen nan suka koma haraji da jangali. Aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka kuma raba abin da ake tarawa a manyan masarautu gida biyu, rabi na gwamnatin Turawa, rabi na sarakuna. Katsina na cikin wuraren da aka fara zuba rabon sarakuna a asusu guda, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Wannan asusu shi ne Baitulmali, kuma zuwa 1911 tsarin ya bazu a sauran masarautun Arewa. Daga nan sarki da hakimai da alƙalai suka koma karɓar albashi, aka naɗa Ma'aji da malamansa, aka fara tsara kasafin shekara da ba da rasit.

Da kuɗin Baitulmali En'e ta riƙe 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari, ta gina makarantun elementare da ɗakunan shan magani, ta haƙa rijiyoyi, ta gyara hanyoyin rani, ta yi wa shanu allura. En'e ta Kano ma ta kai ga samar wa birnin ruwan famfo da wutar lantarki a farkon shekarun 1930. Saboda haka dattawanmu da ke yabon tsarin En'e suna da hujja.

To amma wa ke duba littafin? Ma'aji na kai shi gaban sarki, Di'o na bincike, Razdan da Gwamna ke amincewa da kasafin. Rarar kuɗin da aka tara akan zuba ta a jari a Ingila, kuma a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu an ɗebi gudummawa daga cikinta, ba tare da an tambayi wanda ya biya ba. Shi kuwa talaka ya san abin da ya bayar har sisin kwabo, domin gyaɗarsa ko audugarsa ya sayar, ko kuwa cin rani ya tafi, kafin ya karɓi takardar haraji. Ya san dagacin da ya karɓa sau biyu, ya san makiyayin da ya tsallaka da shanunsa don gudun jangali. Abin da bai taɓa gani ba shi ne shafin da aka rubuta inda kuɗin suka tafi.

Muryoyin 1950

A watan Agusta na 1950 abubuwa biyu suka faru waɗanda ya kamata kowane ɗan Arewa ya riƙe. A Kano aka kafa jam'iyyar NEPU, wadda ta mayar da koken talakawa kan haraji da aikin tilas da zaluncin ma'aikatan En'e jigon siyasarta. A Kaduna kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Arewa ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, yana kukan cin hanci da rashin jin ra'ayin talakawa. Ƙudurin ya tsallake da ƙyar, amma ya buɗe ƙofa. Aka daina ɗaukar sarki shi kaɗai a matsayin hukuma, aka haɗa shi da majalisarsa, aka yi dokar En'e ta 1954, aka kuma ƙarfafa majalisun gundumomi da 'yan kuɗaɗen yin ƙananan ayyuka.

Duk da haka hanyar bincike ba ta sauya alƙibla ba. Babban misali shi ne binciken kuɗin En'e ta Kano da aka fara a 1962, wanda ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa binciken, ita ta karɓi rahoton, ita ta yanke hukunci, kuma har yau masana na muhawara kan yawan siyasar da ke ciki. Kujerar Razdan ce kawai ta koma hannun 'yan ƙasa.

Zuwan kuɗin mai da soke haraji

A 1967 aka rushe Jihar Arewa, muka faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda daga baya ta zama Jihar Kaduna. Cikin 'yan shekaru aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 gwamnatin soja ta yi garambawul ɗin da ya haifar da ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk Nijeriya, kuma ɗan Katsina, Shehu Musa 'Yar'aduwa, na cikin jagororin aikin. Aka ba ƙananan hukumomi kaso daga asusun tarayya, wanda kuɗin man fetur suka cika. Sannan a 1979 Gwamna Balarabe Musa a Kaduna da Gwamna Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali.

Soke harajin adalci ne, ya kuma sauke wa iyayenmu nauyin da ya daɗe yana danne su. Sai dai ya zo da wani sakamako da ya kamata mu lura da shi. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da ladan ya daina fitowa kai tsaye daga aljihun talaka, sai aka fara ɗaukar kuɗin hukuma kamar ganima ce da ta faɗo daga Legas, daga baya daga Abuja, aka fara ɗaukar rijiya ko aji a matsayin kyautar shugaba. Alhali kuɗin mai dukiyar 'yan ƙasa ce baki ɗaya, kuma tun 1994 muna biyan harajin kayayyaki na VAT a kan abubuwa da yawa da muke saya, wani kaso nasa kuwa ƙananan hukumomi yake komawa.

Asusun haɗin gwiwa

An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, kuma tana da ƙananan hukumomi 34 daga cikin 774 na ƙasar nan. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu da magudanun ruwa da kwashe shara, tare da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da aikin gona. Kasonsu daga asusun tarayya shi ne kashi 20.6 cikin ɗari. Amma sashe na 162 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, wanda ta cikinsa kuɗin suka riƙa ratsawa. A jihohi da dama wannan asusu ya zama ƙofar yanke-yanke, aka kuma riƙa naɗa kantomomi maimakon zaɓaɓɓun shugabanni. Kantoman da gwamna ya naɗa kuwa, gaban gwamna zai kai littafinsa.

Ƙofofin da suka buɗe

A wannan ƙarni ne aka fara juyo da littafin wajen jama'a. Daga 2004 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, ƙarƙashin Ngozi Okonjo-Iweala, ta fara buga wa jama'a abin da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ke samu duk wata. A 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayyana kadarorinsa a fili, ya kuma sa hannu a dokar tsara ba da kwangila da dokar kula da kashe kuɗin gwamnatin tarayya. A 2011 aka yi Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman takardun hukuma a rubuce, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta shugabancin kantomomi, ko da yake har aka shiga 2025 ana jan ƙafa wajen aiwatarwa. Bugu da ƙari, tun bayan cire tallafin mai a 2023, yawan nairorin da ake rabawa duk wata ya ƙaru ƙwarai.

Kammalawa

Kakanninmu sun san abin da suka biya, amma doka ba ta ba su damar ganin littafin ba. Mu doka ta ba mu damar, kuma a cikinmu akwai akantoci da injiniyoyi da lauyoyi da likitoci da malaman makaranta. Don haka muna ba da shawara ƙungiya ta kafa kwamitin bin diddigi, wanda babu ruwansa da jam'iyya, ya riƙa tattara adadin kason ƙaramar hukumarmu na kowane wata, ya nemi kwafin kasafin shekara da jerin kwangilolin da aka bayar, ya karanta rahoton babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha, sannan ya je da ƙafarsa ya ga aikin. Ya yi adalci wajen lissafi, domin kaso mai yawa na tafiya ne ga albashin malaman firamare da ma'aikata da 'yan fansho da kason masarauta, kuma wanda ya yi aiki nagari a faɗa a yaba masa. Abin da kwamitin ya gano a rubuta shi da Hausa a wannan mujalla, a kuma karanta wa mutanen gida a gaban dattawa da masu unguwanni, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin duk wannan kuwa, ƙungiya ta fara buga lissafin karo-karonta a shafin farko, domin mu nemi littafin wasu da namu a buɗe.