Ƙasar Ikko da masu ita: tarihin da mai shirin sayen gida ya kamata ya sani

A zamanmu na wannan wata an daɗe a kan maganar wani ɗan uwa da ya biya kuɗin fili a bayan gari, aka ba shi rasit, aka nuna masa fegi, ya sa aka zuba masa yashi da bulo. Da ya koma sai ya tarar wani yana haƙa ginshiƙi a wurin, shi ma da nasa rasit ɗin, daga wani reshe na dangin da suka sayar masa. Ba za mu ambaci suna ba, kuma maganar tana hannun lauya. Dattawa suka ce mu rubuta wani abu a kai. Da muka zauna muka duba, sai muka ga ba a gane cinikin gida a Legas sai an koma baya, domin kuɗin gida a nan ya dogara ne a kan tarihin ƙasar da gidan yake kai, fiye da yawan ɗakuna ko kyan fenti.

Mu fara da abin da muka taso muka sani. A Arewa, tun dokar da Turawa suka kafa a 1910, ƙasa tana ƙarƙashin hukuma ne, mutum yana da ikon zama da amfani. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan tsari da dokar 1962. Shi ya sa a gida idan za ka sayi fili, mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya shaida, maƙwabta sun gani, to hankalinka ya kwanta. Da wannan tunani da yawanmu muka sauka Kurmi, kuma shi ne yake cutar da mu.

A ƙasar Yarabawa fili na dangi ne. A Ikko akwai gidajen sarautar da ake kira Idejo, masu farar hula, irin su Oluwa da Oniru da Ojora da Elegushi, waɗanda su ne masu ƙasa tun kafin zuwan Bature. A 1861 Sarkin Ikko Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa garin ga Ingila, Turawa kuwa suka ɗauka har da ƙasar aka ba su. Masu farar hula ba su yarda ba. Rigimar ta fito fili lokacin da gwamnati ta karɓi filin Apapa, sai Oluwa na lokacin, Amodu Tijani, ya kai ƙara. Ya sha kaye a kotunan Legas, ya ɗaukaka har Landan, Herbert Macaulay ya raka shi. A 1921 kotun ƙoli ta masarautar Ingila ta yanke cewa ƙasar ta al'ummarsa ce, shi mai riƙo ne a madadinsu, kuma sai an biya diyyar ƙasar sosai. An biya fam 22,500.

Wannan hukunci nasara ce ga 'yan ƙasa, amma ku lura da abin da ya tabbatar: mai gida ɗaya ba shi da ikon fili shi kaɗai, na zuriya ne gaba ɗaya. Har yau kotunan Kudu a kan haka suke. Idan wani ɗan dangi ya sayar maka ba da shugaban gidan ba, cinikin bai ƙullu ba tun farko. Idan shugaban ne ya sayar da sunan dangi ba tare da manyan gidan ba, suna iya zuwa kotu a warware. Zuriyar da take mutum goma a zamanin kakanni yau ta zama ɗaruruwa, kowane reshe yana ganin yana da baki. Daga nan omo onile suka samo asali, wato 'ya'yan masu ƙasa, waɗanda za su karɓi kuɗin fili, su dawo karɓar kuɗin aza tubali, su sake dawowa ranar rufi.

To ina iyayenmu suke a cikin wannan? Hausawa sun daɗe a Ikko. A shekarun 1860 Gwamna Glover ya kafa rundunar da ake kira da sunan Hausawa. Amma cikar zango ta zo ne da jirgin ƙasa. Layin dogo ya kai Badun a 1901, ya isa Kano bayan shekara goma, sai shanu suka riƙa gangarowa, goro yana hawa. Agege ta cika da fataken goro, aka kafa Sabo a Badun a 1916. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Badun a farkon shekarun 1960, littafinsa ya fito a 1969, ya nuna cewa gida shi ne jarin mai gida: a nan yake saukar da fatake, a nan ake ajiye kaya, da shi ake yarda da shi a ba da bashi. Wanda ya fi gidaje shi ya fi baƙi, shi ya fi la'ada.

Sai dai gidajen zango da yawa gini ne a kan ƙasar wasu. An ba kakanni wuri su zauna, suna kai gaisuwa ko ɗan kuɗin ƙasa ga masu ita, gida yana canja hannu a gaban Sarkin Hausawa da limami da shaidu. Wannan ya wadatar a zamaninsa, domin kowa ya san kowa, kuma galibi mutum yana da niyyar komawa gida idan ya tsufa. Mu ne muka gaji matsalar. Akwai gidajen gado a unguwanninmu da aka haifi mutum uku a jere a cikinsu, amma babu takarda ɗaya da ofishin filaye zai karɓa. Idan an ce maka ga gida a tsohuwar unguwa da araha, tambayar farko ita ce: ginin ake sayarwa ko har da ƙasar? Ta biyu kuma: magada duka sun yarda, har da matan da suka yi aure a Kano ko Sakkwato?

A Maris na 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta mayar da filayen kowace jiha hannun gwamna a matsayin amana. An ɗauko tsarin ne daga dokar Arewa, kuma an saka ta cikin kundin tsarin mulki don kada a taɓa ta da sauƙi. Daga nan abin da mutum yake riƙewa shi ne takardar shaidar mallaka da gwamna yake bayarwa, galibi ta shekara 99, kuma idan za a sayar ko a jinginar sai da yardar gwamna. A Arewa abin bai zo da sabon abu sosai ba. A Legas kuwa dokar ba ta kawar da dangi ba, sai ta ɗora gwamnati a kansu. Mai saye ya zama yana da iyayen gida biyu: ya biya masu ƙasa, ya kuma biya Alausa.

Ga wani abin da dillalai ba sa son faɗa. Tun shekarun 1970 gwamnatin jiha ta karɓe manyan yankuna da sunan ayyukan jama'a, ƙauyuka da gonakinsu gaba ɗaya, musamman ta wajen Lekki zuwa Epe. Daga baya takan yanko wani yanki ta mayar wa ƙauyen, a buga a gazet ta gwamnati. Filin da ke cikin yankin da aka mayar ana iya yi masa takarda. Wanda ke wajensa na gwamnati ne, ko da baale da dukan dangi sun sa maka hannu. Shi ya sa za ka ga filaye biyu a kan titi ɗaya, girma ɗaya, amma kuɗinsu ya yi nisa da juna. A ganinmu duk filin da ya faɗo ƙasa da na maƙwabtansa sosai, akwai dalili, kuma ba kirkin mai sayarwa ba ne dalilin.

Wanda yake ganin yawan jama'a zai kare shi daga rusau, ya tuna Maroko. A Yuli na 1990, zamanin Gwamna Raji Rasaki, aka ba mazauna wurin kwana bakwai, sannan katafila ta shiga. An ƙiyasta mutum 300,000 suka rasa matsuguni, cikinsu da waɗanda suka sayi filayensu da kuɗinsu. Wurin yau yana cikin mafi tsada a ƙasar nan. Kafin Maroko ma an yi irinta a tsakiyar Ikko a shekarun 1950, aka kwashe mutane zuwa Surulere.

Hanya ma tana da nata tarihin a kan farashi. Gidajen da Jakande ya gina tsakanin 1979 da 1983 a Amuwo-Odofin da Isolo da Abesan, a lokacin ana ganin bayan gari ne, yau gari ya haɗiye su. Babban titin Legas zuwa Badun shi ya raya Ibafo da Mowe, inda 'yan uwa da yawa suke sayen fili yanzu. Amma a sani can Jihar Ogun ce, takardunsa a Abeokuta ake yi, ba a Ikeja ba. A Agege mun gani da idonmu: gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 da sabon layin dogo sun ɗaga kuɗin haya a wasu tituna, sun kuma cinye gidaje da shaguna a wasu. Ta wajen Kara da Isheri kuwa, duk wanda ya je duba fili da rani bai ga komai ba. Ya koma a watan Satumba ko Oktoba, lokacin da ake sakin ruwan madatsar Oyan kogin Ogun ya cika, ya dubi layin da ruwa ya bari a jikin katangun maƙwabta.

Gwamnatin Legas ta yi doka a 2016 da ta haramta ƙwace fili da ƙarfi da karɓar kuɗi a wurin gini, kuma ta ɗan rage wa omo onile ƙarfi. Amma ba ta gyara cinikin da aka ƙulla a kan ruɓaɓɓen tushe. Saboda haka abin da muke roƙon 'yan uwa shi ne, kafin kobo ya fita, a ɗauki safiyo naku, ba na mai sayarwa ba, ya auna filin ya kai ofishin babban safiyon jiha a duba ko yana cikin abin da gwamnati ta karɓe. Lauya ya bincika rajistar filaye a Alausa, ya ga sunan wa ke kan takardar da ko an jinginar da ita a banki. Idan filin dangi ne, shugaban gidan da manyansa su sa hannu a gaban shaidu, a ɗauki hoto, kuɗi kuma ya bi ta banki. Mun san wasu suna ganin kuɗin lauya da safiyo asara ce, alhali bai kai kuɗin tirela biyu ta siminti ba.

Masu gidajen gado a Zango kuma, dattawa sun nemi kowane gida ya nemo tsofaffin takardunsa, ko rasit ne na kuɗin ƙasa, ko takardar ciniki da aka rubuta da ajami, a zo da su zama mai zuwa. Za mu gayyato lauya ya duba wanda za a iya fara nema wa takardar gwamna tun dattawan da suka shaida cinikin suna raye.